Yadda ake zaɓen siginar gaba bayan ka canza kan mashin

Kwanan baya na canza ma Boxer ɗina kai, wato hendil, saboda na asalin ya ɗan lanƙwashe tun wata faɗuwa da na yi cikin yashi a hanyar fadama, kuma dama bayana na damuna, sai na ce bari in sa mai ɗan tsawo wanda zan riƙa zama a miƙe. Anka ɗaura na ji daɗinshi ƙwarai, amma ko kwana biyu ba a yi ba na lura duk sadda na karya kan zuwa hagu har ƙarshe wayar kuloci na danne siginar hagu tana tura ta ƙasa, ban kula ba na ci gaba da harkokina, ranar ta huɗu sai ga sigina na reto da wayarta kamar kunnen akuya. Na shiga kasuwa nan Birnin Kebbi na ga wasu 'yan ƙanana masu LED waɗanda wutarsu ke gudu, sunka burge ni, na saye ban auna komai ba ban tambayi kowa ba. To ita ma ba ta zauna ba, ga shi ta ƙi ƙiftawa yadda ya kamata, sai da na koma na sake kashe wani kuɗin. Abin da na koya wurin mai rewaya da wanda na gano da hannuna shi ne zan zuba maku nan, ko wani ya huta da asara biyu.

Kada ka je sayen sigina sai ka gama da kan tukuna, wannan shi ne farko. Ka hau mashin ɗin ka zauna yadda ka saba, ka saita kan gaba ko baya har sai hannunka ya ji daidai, a ɗaure notikan da ke riƙe shi, a zaunar da hannun birki da na kuloci da madubai da makunnan nan biyu inda za su tabbata. Dalili kuwa, in ka matsar da kan ko da yatsa biyu ne bayan an ɗaura sigina, duk hanyar da wayoyi ke bi ta canza, awon da ka yi ya tashi a banza. Mashinan da muke hawa nan, su Boxer da Jincheng da Haojue da TVS, kaurin kansu milimita 22 ne, manyan mashinan Amurka irin su Harley su ne masu inci ɗaya, don haka in za ka sayi wani abu mai maƙalewa jikin kan to na 22 za ka nema. Sannan ka tada mashin ka bar shi a silo, ka juya kan hagu har ƙarshe, dama har ƙarshe, in ka ji injin ya ƙara ƙara da kanshi to wayar totur ta yi gajarta ko an bi da ita ta inda bai dace ba, ka gyara wannan kafin a zo maganar sigina don shi ne ke iya kada mutum. Af, akwai kuma wani ɗan tsinin roba cikin gidan makunni da ke shiga wani ɗan rami a jikin kan, sabon kai sau da yawa ba ya zuwa da ramin, sai yaran gareji su yanke tsinin don sauri, kada ka yarda, a huda ramin, in ba haka ba duk sadda ka danna sigina da babban yatsa makunnin gaba ɗaya zai riƙa juyawa.

Bayan nan sai ka yanke shawarar inda siginar za ta zauna. Wuri uku ne dai aka sani. Akwai kunnen fitila, wato ƙarfen nan biyu da ke riƙe da fitilar gaba, nan ne mafi yawan mashinanmu ke zuwa da ita daga kamfani. Akwai jikin shokozoba na gaba, da wani ɗan zobe mai noti da ake maƙalawa. Akwai kuma jikin kan, ko dai ƙasan madubi ko can ƙarshen hannu. Ni dai a ganina in kunnen fitila bai samu matsala ba ka bar ta nan, ya fi kwanciyar hankali, waya gajera ce kuma tana shiga kwanon fitila kai tsaye. Ta ƙarshen hannu tana da kyau a hoto amma duk wanda ya taɓa kutsawa cikin cunkoson kasuwar Jega ya san ita ce za ta fara gogar motar mutane, kuma ko jingine mashin ka yi da bango ita ce za ta sha wuya, balle a faɗi. Ta ƙasan madubi ba laifi sai dai hannun babbar riga na rufe ta, mu kuma nan ba mu rabuwa da manyan kaya. In ta jikin shokozoba za ka sa, a kula ƙwarai, zoben ya zauna tsakanin ƙarfen sama da na ƙasa da ke riƙe da shokozoban, ban da ƙasa inda yake shiga yana fita, in ka sa shi nan ramin farko da ka faɗa zai daki robar mai ya fasa ta. Kuma zoben girma-girma ne, ka ɗauki zare ka zagaya ƙarfen ka auna tsawon zaren ka raba da 3.14, misali in ya ba ka milimita 94 to kaurin 30 ke nan, shi za ka faɗa ma mai shago.

Yanzu awo, kuma nan ne na fi son a tsaya don nan na yi kuskure. Ba sai da wani kayan aiki ba, ka samu karan dawa ko na gero ka yanke shi daidai tsawon siginar da kake tunanin saye, ka soka a ramin da za ta zauna ko wani ya riƙe maka, sai ka juya kan a hankali har ya tsaya, hagu da dama, kana kallon mi zai taɓa karan. In sabon kan dogo ne mai tashi sama, abin da ke kawo rigima shi ne wayoyin kuloci da birki da totur, saboda yanzu sun miƙe sun yi baka ta gaba, sai su riƙa shafar wuyan siginar. In gajere ne mai kwanciya ƙasa irin wanda samari ke so, to hannun birki da na kuloci ne ke saukowa kan siginar, wani lokacin ka matsa birki hannun ya tokare da ita bai kai ƙarshe ba, ka ga wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma doguwar sigina na iya dukan tanki in an karya kan duka. In mai faɗi ne kuma, 'yar gajeriyar sigina sai ta ɓace a tsakiya kusa da fitila, wanda ke zuwa ta gaba ba ya gane hagu kake nufi ko dama. Ka rage karan ko ka ƙara har ka samu tsawon da ko'ina akwai ratar yatsa biyu, ka matsa birki da kuloci har ƙarshe a kowane gefe ka sake dubawa, wannan karan shi za ka sa aljihu ka tafi da shi kasuwa.

Akwai lambobi da ke taimakawa. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 53, wadda ƙasashen Turai ke bi wurin ɗaura fitilun babur, ta ce tsakanin siginar gaba ta hagu da ta dama kada ya gaza santimita 24, tsayinta daga ƙasa kuma tsakanin santimita 35 zuwa 120. A Amurka ma sun fi haka buɗawa, inci 16 suke nema. Ba wai wani zai tare ka a shataletalen Haliru Abdu da tef yana aunawa ba, amma lambar na da dalili, in sun matse da juna daga nesa sai su zama kamar wuta ɗaya. Haka kuma tsakaninta da fitilar gaba a bar kamar santimita 7 da rabi ko fiye, don da dare hasken fitila na haɗiye na sigina in sun yi kusa, kai kana ganin ka ba da hannu, mai tirela da ke tahowa daga Kalgo bai ga komai ba. Masu dogon kai sosai da ke son ɗaura ta ƙasan madubi su ma su auna tsayin, kada ta haye sama da 120 ɗin.

Ka cire tsohuwar ka tafi da ita ko da ta karye, saboda ƙafarta. Ƙafar sigina noti ce mai rami a tsakiya inda waya ke bi, kuma iri biyu ce a kasuwa, mai milimita 8 da mai 10. In ramin mashin ɗinka na 10 ne ka sayo mai 8 za ta zauna amma sai da washa gaba da baya, in ba haka ba ta riƙa rawa har ta cinye ramin. In akasin haka ne sai an ƙara huda, ni kuwa ban son a taɓa kunnen fitila da injin huda in akwai yadda za a yi, gara ka nemi daidai ita. Wuyan kuma ka zaɓi na roba mai lanƙwasuwa, na ƙarfe ya fi sheƙi amma ranar da mashin ya faɗi, maimakon sigina ta lanƙwasa ta dawo sai ta lanƙwashe maka kunnen fitila. Sai dai robar ma iri-iri ce, kun san zafin Kebbi a watan Maris da Afrilu yana wuce digiri 40, roba mara kyau bazara ɗaya ta bushe ta tsattsage. Ka lanƙwasa wuyan da hannu a gaban mai shago, in ka ga wurin ya yi fari-fari ko bai dawo daidai ba, ajiye mashi abinshi. Ka duba ko akwai 'yar roba tsakanin gilashin da jikin don ruwan damina da ƙurar hunturu, in kuma tana da ɗan ramin fitar ruwa ka tuna ƙasa yake kallo in an zo ɗaurawa, shi ya sa wasu ke da ta hagu daban ta dama daban.

Launi ba a ja da shi, ruwan lemo. Na san yanzu ana yayin shuɗi da fari har da masu canza launi kamar gidan biki, amma wanda ke gabanka ruwan lemo ya sani a matsayin sigina, in ya ga shuɗi na ƙyalli zai ɗauka kwalliya ce, ga kuma 'yan rod sefti ka ba su abin magana. Mai baƙin gilashi ma ban ba da shawara ba, tana rage haske, da rana tsaka ba a ganinta. A jikin gilashin wasu za ka ga harafin E da lamba cikin da'ira, kusa da shi kuma 11 ko 12, to 11 ta gaba ce 12 ta baya, alama ce an yi ta bisa ƙa'ida, ko da yake tambari ba wuyar bugawa gare shi ba, idonka shi ne alƙali.

To sai babbar magana, mai ƙwai ko mai LED. Ga yadda abin yake aiki. Akwai wani ɗan akwati da ake kira fulasha, shi ke yanke wuta yana maidowa har sigina ta riƙa ƙiftawa, kuma wanda ke zuwa da yawancin mashinanmu an yi shi ne don ƙwai biyu masu wat 10, na gaba da na baya, wat 20 ke nan a gefe ɗaya, in ka duba jikinshi za ka ga an rubuta. Nauyin wutar da ƙwayayen ke ja shi ke sa shi aiki daidai. LED kuwa wat 1 ko 2 take ja, sai fulasha ya ji kamar ƙwai ya mutu, ko dai ya riƙa ƙiftawa da sauri kamar mai jin tsoro ko ya kama ya tsaya cak ba ƙiftawa. Ko gaba kaɗai ka canza ka bar baya da ƙwai, nauyin ya ragu kusan rabi, za ka ga canji. Nawa tsayawa ya yi. Na kai ma mai rewaya ina faɗa wai an sayar man da jabu, ya yi dariya ya ce, "Maigida ai siginarka lafiya lau take, fulashanka ne bai san ta ba." Magani biyu ne. Mai sauƙi kuma mai kyau shi ne a canza fulasha a sa na lantarki wanda anka rubuta LED a jikinshi, shi bai damu da nauyi ba, ka dai duba naka mai ƙafa biyu ne ko uku ka sayi irinshi, mai biyu za ka ga B da L, B wuta ke shigowa L ke zuwa makunni, mai uku akwai ƙarin E na as, wato wayar da ake haɗawa da jikin ƙarfen mashin. Ɗayan maganin a haɗa resisto mai om 15 a kowace siginar da anka canza, tsakanin wayar wuta da ta as, don ya ja wutar da ƙwai mai wat 10 ke ja, yana aiki amma yana zafi sosai sai an ɗaure shi jikin ƙarfe nesa da roba, kuma ka ga an koma gidan jiya, wutar da ka ce za ka rage ma batir ta tafi a zafi.

Akwai wata matsalar da ke rikita mutane in an sa LED gaba da baya duka, ka ba da hagu sai huɗun su kama tare. Wannan na faruwa a mashin mai ɗan ƙwai guda ɗaya a mita da ke nuna sigina, saboda shi ɗan ƙwan an haɗa shi ne tsakanin wayar hagu da ta dama, 'yar wutar da ke ratsa shi ba ta isa ta kunna ƙwai mai wat 10 ba amma ta ishi LED. Don ka tabbatar, zare ɗan ƙwan mitar, in abin ya daina to shi ne. Gyaranshi dayod biyu ne irin 1N4007, wato ɗan abin nan da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, wurin masu gyaran rediyo da talabijin ake samu, ɗaya daga wayar hagu ɗaya daga ta dama, gefen dayod ɗin mai zoben ya kalli ƙwan, a haɗe su a ƙafa ɗaya ta ƙwan, ɗayar ƙafar a kai ta as. In mitarka mai kibiya biyu ce, hagu daban dama daban, ba ruwanka da wannan.

Wa ya kamata ya sa wacce? In ɗan kabu-kabu ne kai ko kana yawan shiga ƙauyuka, ni ina ganin mai ƙwai ta fi maka, in ya mutu a Kamba ko Dakingari za ka samu wani ka sa da sukundireba kawai, LED kuwa in ta mutu sai dai a jefar da ita gaba ɗaya. In kuma cikin gari kake kuma za ka iya sayen mai kyau da fulashanta tare, LED ba ta jin girgiza kuma ba ta wahalar da batir. Maganar batir ma, da yawanmu da kik muke tada mashin, batir ya mutu tun bara ba mu damu ba, to sigina daga batir take sha, in ka ga ba ta ƙiftawa a silo sai ka ja totur, kada ka zargi sabuwar sigina. A sa mitar auna wuta, batir mai lafiya na ba da wajen bolt 12.6 in mashin na kashe, in yana aiki kuma 13.5 zuwa 14.5.

Kafin ka biya ka ƙirga wayoyin. Mai biyu ita ce daidai da yawancin mashinanmu, wuta da as. Mai uku tana da ƙarin 'yar wuta mai zama a kunne, in ba ka so sai a naɗe wayar a bar ta. Mai waya ɗaya ta jikin ƙarfe take samun as, kuma sabon kai mai fenti ko zobe mai roba a ciki ba ya ba ta, sai ta yi ta haske dishi-dishi, guje mata ko a ja mata wayar as daban. Ka ce ma mai shago, "Alhaji a ɗan taɓa man ita a batir," duk biyun, ka fita da su bakin shago cikin rana ka gani, ka kalle ta ta gaba ka kuma kalle ta ta gefe don wasu LED ɗin gaba kawai suke harbawa.

Ɗaurawa ba wuya. Cire wayar batir ta as tukuna. Buɗe kwanon fitila, nan wayoyin suke taruwa, ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka zare komai. Mashinan Honda da yawancin na China da sunka kwaikwaye su, ruwan lemo hagu ne, shuɗi mai haske dama, kore as, amma Bajaj da Yamaha da Suzuki kowa da launinshi, don haka ka bi tsohuwar wayar ka ga inda ta shiga ya fi ka dogara da launi. Ka zura wayar ta ramin kunnen, sannan ta cikin washa da noti, kafin ka haɗa, na ga wanda ya gama haɗi ya naɗe tsaf sannan ya ga noti a ƙasa. A sa washa mai tsaga don girgiza, a ɗaure da sufana daidai wa daida, ƙafar rami gare ta in ka matsa da ƙarfi tsinkewa take. LED ba ta kamawa in an musanya wayar wuta da ta as, in ta ƙi kamawa juya wayoyin biyu kafin ka ce ta mutu. In dogon kai ya sa waya ba ta kai ba a ƙara da waya mai kauri ɗaya, a yi mata dalma ko a sa soket, ban da murɗawa da hannu a naɗe da salatif, zafi na narkar da gam ɗin wata ɗaya ya buɗe ya taɓa ƙarfe ya ƙone fis. A bar ma wayar ɗan sako-sako a wuyan mashin inda ke juyawa, kuma mahaɗin kada ya faɗo daidai wurin.

In an gama ka fitar da mashin fili da rana tsaka, ka hau ka riƙe kan yadda kake tuƙi, wani ya taka kamar taku hamsin ya juyo, kai ka riƙa ba da hagu ko dama ba tare da ka faɗa mashi ba, shi ya riƙa nuna maka da hannu, in ya yi jinkiri ko ya kuskure to ko dai hasken bai isa ba ko sun matse ko hannunka na rufewa. Ka ƙirga ƙiftawar, abin da ake so 60 zuwa 120 a minti, wato a daƙiƙa 15 ka samu tsakanin 15 da 30. Bayan magariba ka maimaita da fitilar gaba a kunne. Ka kama birkin gaba ka danna shokozoba ƙasa da ƙarfi sau uku huɗu kana kallon ko wani abu na taɓawa, sannan ka juya kan hagu da dama sigina na kunne, in ta ɗauke a wani wuri to waya ce ke jan kanta. Ni daga ƙarshe mai ƙwai na koma, mai wuyan roba da ta fi ta asalin gajarta da kamar yatsa biyu, munka bi da wayar kuloci ta bayan kunnen fitila anka ɗaure ta, na je Argungu na dawo na sake bin notikan da sufana, na dama ya ɗan saki na ƙara mashi rabin juyi.